Fashin baƙi: Dalilin da naɗin shugaba ke tayar da ƙura a jami'ar kurame ta Gallaudet

A daren Juma'a, 13 ga Oktoban 2006, jami'an tsaro suka kama mutum 133 a bakin ɗaya daga cikin ƙofofin Jami'ar Gallaudet da ke birnin Washington na ƙasar Amurka. Akasarinsu ɗalibai ne kurame, waɗanda suka shafe kwana uku zaune dirshan a ƙofofin makarantar, ba shiga ba fita. Wanda ya ba da izinin kamen shi ne shugaban jami'ar, Dokta I. King Jordan, shi ma kurma. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, irin wannan rufe ƙofa ce ta ɗora Jordan a kan kujerarsa shekaru 18 kafin nan, kuma cikin waɗanda aka tasa ƙeyarsu a daren har da Tim Rarus, ɗaya daga cikin ɗalibai huɗun da suka jagoranci wancan bore na farko.

Sau biyu ke nan cikin ƙasa da shekaru 20 ɗalibai da malaman wannan jami'a suna tilasta wa kwamitin amintattunta ya lashe amansa kan wanda ya naɗa shugaba. A karon farko, a 1988, sun ƙi wata mata ce saboda mai ji ce. A karo na biyu kuwa, wadda suka ƙi kurma ce tun haihuwa. Jami'ar da ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, me ya sa shugabancinta ke jawo hankalin majalisar dokokin Amurka da manyan jaridun ƙasar? Amsar tana cikin matsayin da makarantar ke da shi a zukatan kurame.

Makaranta ce, kuma hedikwatar al'umma

Asalin Gallaudet wata ƙaramar makaranta ce ta kurame da makafi da aka kafa a 1857, a kan filin da Amos Kendall, tsohon shugaban hukumar gidan waya ta Amurka, ya bayar. A ranar 8 ga Afrilun 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar, Shugaba Abraham Lincoln ya sanya hannu kan dokar da ta ba ta ikon bayar da digiri. Shugabanta na farko shi ne Edward Miner Gallaudet, kuma sunan mahaifinsa ne aka raɗa mata daga baya, wato Thomas Hopkins Gallaudet, wanda tare da wani malami kurma ɗan Faransa mai suna Laurent Clerc suka buɗe makarantar kurame a garin Hartford a 1817. Ta zama cikakkiyar jami'a a 1986. Har yau gwamnatin tarayya ce ke ba da kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar da ita, 'yan majalisar dokoki uku na da kujera a kwamitin amintattunta, kuma takardar shaidar digirinta na ɗauke da sa hannun shugaban ƙasa mai ci.

Sai dai ba wannan tarihi kaɗai ya ba ta nauyi ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ake haifa kurame, iyayensu masu ji ne. Ɗan Bahaushe yakan tsinci Hausa tun yana goye a bayan uwa, amma yaro kurma sau da yawa ba ya samun harshen da zai bayyana abin da ke ransa sai ranar da aka kai shi makarantar kwana ta kurame, ya haɗu da ire-irensa. A can yake koyon maganar hannu, da barkwanci, da tatsuniyoyi, da tarihin magabatansa. A can ne ma da yawa ke samun abokan aure. Al'umma ce da ba ta da ƙasa ko gari nata, makarantunta su ne garuruwanta, Gallaudet kuma ita ce babban birni. Saboda haka duk wanda ya hau kujerar shugabancinta, kurame a ciki da wajen Amurka ba su kallonsa a matsayin mai kula da albashi da jarrabawa kawai. Jakadansu ne a gaban duniya, kuma zaɓensa ya fi kama da naɗin sarauta fiye da ɗaukar ma'aikaci.

Akwai kuma tsohon miki. A 1880 masana ilimin kurame, kusan dukkansu masu ji, suka yi taro a birnin Milan na Italiya, suka yanke cewa koyar da kurma furta kalma da karanta leɓe ya fi koyar da shi da hannu. Edward Gallaudet na cikin 'yan tsirarun da suka ƙi amincewa, yayin da a gida Amurka Alexander Graham Bell, wanda aka fi sani da ƙirƙiro wayar tarho, ya zama jigon masu yaƙi da maganar hannu. Abin da ya biyo baya shi ne sallamar malamai kurame daga makarantu da yawa, da hukunta yaran da aka kama suna zance da hannu, lamarin da ya ɗauki kusan ƙarni guda. Sai a 1960 wani malamin Gallaudet, William Stokoe, ya wallafa binciken da ya nuna cewa maganar hannun Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da ASL, cikakken harshe ce mai nahawunta, ba Ingilishin da aka karya ba. Daga nan tunani ya fara sauyawa. Kurame da dama suka daina kallon kansu a matsayin marasa lafiyar da ke jiran magani, suka koma kallon kansu a matsayin ƙabila mai yarenta da al'adunta.

Mako guda a watan Maris na 1988

Lokacin da Jerry Lee ya ajiye shugabanci a 1987, jami'ar ta doshi shekaru 124 ba ta taɓa samun shugaba kurma ba. 'Yan takara uku ne suka kai zagayen ƙarshe: I. King Jordan, shugaban tsangayar fasaha da kimiyya ta jami'ar, wanda ya kurumce yana da shekara 21 sakamakon hatsarin babur. Harvey Corson, shugaban makarantar kurame ta jihar Louisiana, shi ma kurma. Sai Elisabeth Zinser, babbar jami'a a Jami'ar North Carolina da ke Greensboro, mai ji, wadda ba ta iya maganar hannu ba. A ranar 1 ga Maris aka yi babban gangami ana kira da a ba kurma. A ranar Lahadi, 6 ga wata, kwamitin amintattu, wanda masu ji suka yi wa rinjaye mai yawa, ya zaɓi Zinser. Ko sanarwar ma ba a tsaya an yi wa ɗalibai ido da ido ba, a takarda suka gani.

A wannan dare ɗalibai suka yi tattaki zuwa otal ɗin da amintattun ke ciki. A nan ne aka ruwaito shugabar kwamitin, Jane Bassett Spilman, tana cewa kurame ba su kai ga iya tafiyar da al'amura a duniyar masu ji ba. Ta musanta, ta ce tafinta ce ta juya mata magana. Amma kare kan nata ya zama hujja a kanta: matar da ta yi shekaru a kwamitin jami'ar kurame, ga shi ba ta iya ce musu ko sannu ba sai da tafinta.

Washegari aka wayi gari ƙofofin jami'a a garƙame, an gitta motocin bas an sace iskar tayoyinsu. Ɗalibai huɗu, Greg Hlibok da Tim Rarus da Bridgetta Bourne da Jerry Covell, suka zama fuskar boren da ya shahara da sunan Deaf President Now, ma'ana a ba mu shugaba kurma yanzu. Buƙatunsu huɗu ne: Zinser ta sauka a naɗa kurma, Spilman ta bar kwamitin, kurame su zama kashi 51 cikin 100 na amintattu, kuma kada a hukunta kowa saboda zanga-zangar. Malamai da tsofaffin ɗalibai suka mara musu baya, gidajen talabijin suka yi dafifi, 'yan siyasa suka fara aiko da saƙon goyon baya. Shi kansa Jordan da farko ya fito ya goyi bayan Zinser, kashegari kuma ya janye. Zinser, wadda ba ta samu damar shiga ofishinta ba, ta yi murabus a daren 10 ga wata. A ranar 13 ga Maris kwamitin ya miƙa wuya ga dukkan buƙatun: Spilman ta sauka, Philip Bravin, kurma, ya gaje ta, aka naɗa Jordan shugaba. Maganar da ya shahara da ita bayan nan, cewa kurma na iya yin komai in ban da ji, ta zama taken kurame a ƙasashe da yawa.

Nasarar ta tsallake katangar makaranta. Masana tarihi na lissafa ta cikin abubuwan da suka share fagen dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da Shugaba George H. W. Bush ya sanya wa hannu a watan Yulin 1990. Amma akwai abin da murnar nasara ta rufe. Boren ya zo da sauƙin fahimta ne domin layin a bayyane yake, kurame a gefe guda, masu ji a ɗaya gefen. Ba wanda ya tsaya tambayar wane irin kurma. Jordan bai tashi cikin al'adar kurame ba, da girmansa ya koyi maganar hannu, kuma yakan haɗa ta da murya. A lokacin wannan bai hana a ɗaga shi sama ba.

Faɗan cikin gida

Tsakanin 1988 da 2006 duniyar kurame ta sauya ƙwarai. Tun 1975 wata dokar tarayya ta buɗe wa yara masu naƙasa ƙofofin makarantun gwamnati na gama-gari, don haka makarantun kwana na kurame, waɗanda su ne rijiyar da Gallaudet ke ɗiba, suka fara raguwa. A 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa dasa wa yara wata na'urar ji a can cikin kunne ta hanyar tiyata, kuma a 2000 aka sauko da shekarun zuwa wata 12. Ga iyaye masu ji, wannan rahama ce. Ga kurame da yawa kuwa, alama ce ta cewa taron Milan ya dawo sanye da rigar likita, domin galibi ana shawartar iyayen yaran da aka yi wa dashen su nisanta su daga maganar hannu. Dokar 1990 ma, wadda boren ya taimaka aka samu, ta wajabta wa sauran jami'o'i samar da tafintoci, sai ya zama ɗalibi kurma mai hazaƙa na da zaɓi da yawa ban da Gallaudet. Ɗalibai na raguwa, waɗanda ke kammala digiri ba su kai rabin waɗanda suka shiga ba, ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa kuma ya fara ƙorafi kan sakamakon da jami'ar ke samarwa.

Cikin wannan yanayi ne Jordan ya sanar a 2005 cewa zai yi ritaya. A ranar 1 ga Mayun 2006 kwamitin amintattu, wanda yanzu kurame ne suka fi yawa a cikinsa, ya bayyana Dokta Jane K. Fernandes a matsayin magajiyarsa. Ita ce mataimakiyarsa mai kula da harkokin karatu tun 2000. An haife ta kurma, an tarbiyyantar da ita da magana da karanta leɓe, ta yi makarantun masu ji, ba ta koyi ASL ba sai tana da shekara 23 lokacin da take karatun gaba da digiri a Jami'ar Iowa. Ana sanar da sunanta ɗalibai suka fara ficewa daga zauren. Kafin wani lokaci an kakkafa tantuna a filin da ke gaban jami'a, majalisar malamai kuma ta kaɗa mata ƙuri'ar rashin amincewa. Shugabar riƙo ta kwamitin amintattu, Celia May Baldwin, ta ajiye muƙaminta cikin wannan wata tana mai kukan matsin lamba da barazana.

Hutun bazara ya kwantar da ƙurar, amma tsugune ba ta ƙare ba. A farkon Oktoba ɗalibai suka mamaye babban ginin azuzuwa, daga nan suka rufe ƙofofin jami'ar baki ɗaya, har aka kai ga kamen 13 ga wata. Kamen bai karya gwiwar kowa ba, wutar ma ya rura. Kwana uku bayansa kashi 82 cikin 100 na malaman da suka kaɗa ƙuri'a suka nemi Fernandes ta sauka ko a sauke ta. Wasu suka shiga yajin cin abinci, dubban mutane suka yi tattaki zuwa majalisar dokoki, kurame a garuruwa da dama suka kafa nasu tantunan don nuna goyon baya. A wannan karo labari bai jira tafinta ko ɗan jarida ba: saƙonnin wayar hannu da bidiyon maganar hannu a intanet su suka riƙa kai shi lungu-lungu. A ranar 29 ga Oktoba kwamitin ya yi zama a wani otal a jihar Virginia, ya soke naɗin tun ba ta kama aiki ba. Sanata John McCain, wanda ke cikin amintattun, ya yi murabus don nuna rashin jin daɗinsa, haka ma shugabar riƙon kwamitin ta lokacin, Brenda Jo Brueggemann.

Me aka yi faɗa a kansa?

Har yau ɓangarorin biyu ba su yarda da labarin juna ba. Fernandes, tare da goyon bayan Jordan, ta bayyana wa manema labarai cewa laifinta guda ne: a wurin wasu, kurumtarta ba ta cika ba. A cewarta, wasu masu tsattsauran ra'ayi ne ke son jami'ar ta zama ta waɗanda suka tashi da ASL kaɗai, alhali makomarta na hannun yaran da aka yi wa dashe da waɗanda suka fito daga makarantun gama-gari, kuma dole a buɗe musu ƙofa ko makarantar ta mutu. Wannan bayani ya yi wa jaridun Amurka daɗi, domin gajere ne, yana da ban mamaki, kuma ya dace da muhawarar da ƙasar ke yi kan siyasar asali. Shi ya mamaye kanun labarai.

Gamayyar malamai da ma'aikata da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai da ta jagoranci zanga-zangar ta ce sam ba haka ba ne. Koke-kokensu sun haɗa da cewa an shirya zaɓen ne don a kai ga 'yar lelen shugaba mai barin gado. Cewa tun muƙaminta na 2000 Jordan ya ba ta ne ba tare da tuntuɓar malamai yadda aka saba ba. Cewa a shekaru shidan da ta yi tana riƙe da harkokin karatu ne ingancinsa ya ja baya. Da kuma cewa salon mulkinta na umarni ne da shan ƙamshi, har mutane na tsoron faɗin ra'ayinsu. Suka kuma tunatar da cewa waɗanda suka fara ɗaga murya, tun kafin a ambaci sunanta, ɗalibai baƙar fata ne da sauran tsiraru, bayan da aka fitar da sunayen 'yan takara uku na ƙarshe, Fernandes da Stephen Weiner da Ronald Stern, duka farar fata, aka bar Dokta Glenn Anderson, baƙar fata kurma wanda ya daɗe yana shugabantar kwamitin amintattun.

Idan aka auna hujjoji, zancen rashin cikar kurumta shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin abin da ya faru. Al'ummar da ta rungumi Jordan, wanda ya yi shekara 21 yana ji, ba ta da dalilin ƙin wadda aka haifa kurma don asalinta kawai. Wanda aka kawo ya riƙe jami'ar bayan rikicin, Dokta Robert Davila, ɗan leburorin gona 'yan asalin Meziko ne da ya kurumce yana da shekara 8 sakamakon sanƙarau, kuma an karɓe shi hannu bibbiyu. Haka nan da wuya a ce kashi 82 cikin 100 na malaman da suka kaɗa ƙuri'a, da yawansu masu ji, duk masu tsattsauran ra'ayin al'adar kurame ne.

Amma su ma masu zanga-zangar ba su fita fes ba. An yi ta sukar yadda Fernandes ke sarrafa hannu, ana cewa maganarta ba ta da armashi, ta baƙo ce, kamar dai yadda ake gane wanda ya koyi Hausa da girma. An ci mutuncinta da na iyalinta ta hanyoyin da ba su da alaƙa da ingancin karatu. Kuma a ƙarƙashin ƙorafin tsarin zaɓe akwai fargaba ta gaske: shin ASL za ta ci gaba da zama harshen gida a Gallaudet, ko za ta koma ɗaya daga cikin hanyoyin sadarwa da aka yi wa alfarma? Ɗalibai sun daɗe suna kukan cewa akwai malamai da jami'an tsaron makarantar da ba su iya hannu sosai ba, a wurin da ya kamata a ce shi kaɗai ne kurma ba ya buƙatar tafinta. Tun tsakiyar shekarun 1970 wani masani kurma, Tom Humphries, ya ƙirƙiro kalma ta musamman don wannan ɗabi'a ta fifita ji da magana a kan hannu, kuma kalmar ta yi ta yawo a bakin tantunan 2006. Batun asali da batun shugabanci sun cakuɗe ta yadda ba a iya zare ɗaya a bar ɗaya, domin a wurin da harshe shi ne gado, rashin sauraren jama'a da rashin jin harshensu kan zama zargi guda.

Kuskuren kwamitin amintattu ya fi kowanne fitowa fili. Ya ɗauka cewa tun da ya cika sharaɗin 1988, ya ba kurma, to magana ta ƙare. Ya manta cewa darasin da ɗalibai suka ɗauka daga wancan mako bai tsaya ga kunnen shugaba ba, ya haɗa da cewa su ma suna da ta cewa, kuma sun san hanyar ƙofa.

Jami'ar ta biya farashi. A 2007 hukumar tantance ingancin manyan makarantu ta yankin, Middle States, ta sanya ta ƙarƙashin sa ido, tana nuni da rauni a shugabanci da ƙa'idojin karatu da zaman lafiyar harabar, kafin ta wanke ta a 2008. A ƙarƙashin Davila aka sake rubuta manufar jami'ar, aka bayyana ƙarara cewa makaranta ce mai harshe biyu, ASL da Ingilishi, wanda a iya cewa shi ne abu mafi ɗorewa da rikicin ya haifar. Dokta T. Alan Hurwitz, wanda iyayensa kurame ne, ya karɓa a 2010, sai Roberta Cordano a Janairun 2016, mace kurma ta farko da ta riƙe kujerar. Dukkan naɗe-naɗen biyu sun wuce lami lafiya. Ita kuwa Fernandes, a 2014 ta zama shugabar Kwalejin Guilford, makarantar masu ji, wadda ke Greensboro, garin da Zinser ta baro a 1988.

Ƙorafin da aka tsallake

Kukan da baƙar fata suka fara da shi a 2006 ya nutse cikin hayaniyar da ta biyo baya, amma tushensa na da zurfi. Tun farkon ƙarni na 20 makarantar Kendall da ke harabar Gallaudet ta daina karɓar yara baƙar fata, ana tura su wata makaranta a jihar Maryland. Sai da wata uwa, Louise Miller, ta kai ƙara, kotun tarayya ta ba ta gaskiya a 1952, sannan aka dawo da su, aka kuma ware musu azuzuwa dabam marasa inganci har zuwa 1954. Wariyar da aka yi a makarantun kurame na kudancin ƙasar ta yi tsawon da har ta haifar da karin harshe na musamman a maganar hannun baƙar fata.

Wannan babi ya taɓa Najeriya kai-tsaye. Baƙar fata na farko da ya samu digirin Gallaudet, a 1954, shi ne Andrew Foster, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kafa makarantun kurame a Afirka. Ya fara da Ghana a 1957, ya iso Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya buɗe makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Ta hanyarsa ne ASL ta zama ginshiƙin yaren kuramen da ake koyarwa a makarantun Najeriya, alhali a Kano da sauran ƙasar Hausa akwai tsohuwar maganar hannu ta gida da kurame ke yi a kasuwa da majalisa, wadda masaniyar harshe Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi wa cikakken nazari a littafin da ta wallafa a 2000. Tambayar wane hannu ne na makaranta, wane ne na titi, ba baƙuwa ba ce a nan. Ɗaliban da suka bi sawun Foster zuwa Washington sun yi nisa. A cikinsu akwai Dokta Khadijat Rashid, haifaffiyar Najeriya, wadda ta kai ga muƙamin mai kula da harkokin karatu na jami'ar, kujerar da Fernandes ta taɓa riƙewa.

A 2020, lokacin da zanga-zangar kisan George Floyd ta karaɗe Amurka, batun ya sake tasowa a Gallaudet. Cordano ta dakatar da Kappa Gamma, tsohuwar ƙungiyar ɗalibai maza mai tasiri a jami'ar, bayan bayyanar hotunan da aka danganta da wariyar launin fata. Matakin bai gamsar da kowa ba: wasu tsofaffin ɗalibai suka ga an yi wa ƙungiyar kuɗin goro, masu fafutuka baƙar fata kuma suka ce an makara, har wasunsu na neman shugabar ta sauka. Kwamitin amintattu ya tsaya mata, ƙofofi ba su rufu ba. A wannan shekara aka buɗe cibiyar nazarin tarihin kurame baƙar fata ƙarƙashin Dokta Carolyn McCaskill. A watan Yulin 2023 kuma jami'ar ta shirya bikin yaye ɗalibai 24 na waɗancan azuzuwan wariya na Kendall, waɗanda ba a taɓa ba su takardar kammala karatu ba, tare da karrama malamansu huɗu baƙar fata. Shekaru kusan 70 sun shuɗe, mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya da jikoki ne suka hau dandamali suka karɓa a madadinsu.